Shafi biyu nake yi sai in ga waya a hannuna

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, shekaruna 31, kuma na koma karatun digiri na biyu da yamma. A da ni mayen karatu ne, littafi mai shafi 300 ba ya yi mini mako guda. Yanzu kuwa ko shafi biyu ban gama ba sai in ga waya a hannuna, ban ma san lokacin da na ɗauko ta ba. In na daure na zauna, idona yana bin layi amma babu abin da yake shiga, sai in kai ƙarshen shafi in rasa me aka ce a farkonsa. Galibin takardun darasinmu a waya nake karanta su, da dare, ina kwance. Wayar ta nuna mini ina yin awa 7 a kanta kullum. Jarrabawa saura wata biyu. Wani abokina ya ce waya ta riga ta lalata mini ƙwaƙwalwa, wai yanzu natsuwar mutum ko ta kifi ba ta kai ba. Da gaske ne? Kuma yaya zan yi, tunda aikina da karatuna duk a wayar suke, ba zan iya jefar da ita ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara sauke maka nauyin da abokinka ya ɗora maka. Zancen nan na cewa natsuwar ɗan Adam ta dawo daƙiƙa 8, ƙasa da ta kifi, daga wani rahoton harkar talla ya bazu, wanda reshen kamfanin Microsoft na Kanada ya fitar a 2015. Da BBC ta bi sawun lambar a 2017, ba ta iske wani bincike a bayanta ba. Ka ma duba kanka: kana iya zama a kan hira mai daɗi ko wasan ƙwallo na minti 90 hankalinka bai je ko'ina ba. Ƙwaƙwalwar da ta lalace ba ta yin haka. Abin da ya same ka sabo ne, sabon barin abu da zarar ya fara wuya, kuma irin wannan sabon ana warware shi da horo.

Akwai dai abin da aka auna da gaske. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta kwashe shekaru tana bin ma'aikata, da farko da agogo a hannu, daga baya da manhaja, tana ƙirga tsawon lokacin da mutum yake yi a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 minti biyu da rabi ne. A 2012 ya sauko daƙiƙa 75. A awon baya-bayan nan daƙiƙa 47. Abin da ya fi shafarka a cikin bincikenta shi ne kusan rabin katsewar nan ba wani ne yake jawo ta ba, mutum ne yake katse kansa da kansa, babu ƙarar saƙo babu kira. Hannun nan naka ke nan da yake tafiya neman waya ba da izininka ba.

Kafin mu zo kan gyara, sai ka san me ke faruwa in mutum yana karatu. Ba a haifar kowa da karatu yadda ake haihuwarsa da ji da gani. Rubutu kansa shekara 5,000 da 'yan kai gare shi a duniya, don haka ƙwaƙwalwa aron sassan gani da na harshe take yi, ta haɗa su ta hanyar horo, kuma irin horon da aka ba ta shi take riƙewa. Ido ba ya zamewa a kan layi yadda muke zato. Tsalle yake yi, ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya haura haruffa bakwai zuwa tara, ya sake tsayawa, lokaci-lokaci ya koma baya ya duba abin da ya shige masa duhu. A wurin wanda ya ƙware, wannan aikin yana iya tafiya shi kaɗai ko da hankali yana wani gari. Fahimta kuwa aiki ne dabam: riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta, ɗaura wannan sakin layi da wanda ya gabata, auna ko hujjar marubuci ta tsaya da ƙafarta. Wurin da ake wannan riƙon ɗan ƙarami ne ƙwarai, masana irin su Nelson Cowan sun kimanta cewa abu huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Kamar tafin hannu yake. In ka miƙa shi ka karɓi saƙon guruf, dole abin da ke ciki na littafi ya zube, ka dawo bayan minti guda kana zaton daga inda ka tsaya za ka ɗora, alhali hannun ya cika da wani kayan. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yana nan maƙale a na farkon, aiki na biyun ne ke kwana a ciki. Saƙon da ka gani ba ka amsa ba, gardamar da ka baro ana tafkawa, duk suna cin wurin da jimlar littafin take bukata. Shi ya sa idonka yake isa ƙarshen shafi kai ba ka isa ba.

Ga kuma horon da awa bakwai ɗin nan suke ba idonka. A 2006 Jakob Nielsen ya sa na'urar bin motsin ido a kan mutum 232 suna duba shafukan intanet. Yawanci layin sama suke bi, su ɗan sauko su bi rabin wani layin, daga nan su gangara ta gefen hagu suna tsintar kalmomi, har sawun idon ya fito da siffar harafin F. A inda ya dace wannan ba aibi ba ne, mai neman sakamakon wasa ba ya bukatar karanta kowace kalma. Amma ka wuni kana tsince-tsince, sannan da dare ka buɗe babin da marubucinsa ya ajiye sharaɗin da ya juya ma'anar duka a tsakiyar layi na tara, ido zai haura shi ko a jikinsa.

Ka lura da daidai lokacin da hannunka yake tashi. Da wuya ya zama a farkon shafi, sa'ad da zance ke tafiya sumul. Sai ka ci karo da doguwar jimla ko ma'anar da ta ƙi zama, ka ji wani ɗan ƙunci, 'yar gundura, sai tunani ya faɗo: bari in duba ko an amsa mini. Ƙuncin nan shi ne alamar ƙwaƙwalwa ta shiga aikin gaske. A da kana daure masa har jimlar ta buɗe, don babu inda za ka. Yanzu mafita tana aljihu, kuma da gangan aka ƙera ta ta zama mai jan rai. Tun shekarun 1950 B. F. Skinner ya nuna a kan tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa naci fiye da ladan da ke zuwa bisa ƙa'ida. Haka buɗe waya yake, sau tara ba komai, na goma saƙo mai daɗi, ga shafin da kome ka ja shi sama ba ya ƙarewa. Duk sanda ka guje wa jimla mai wuya ka sami sauƙi nan take, gudun ka ƙara koya wa kanka.

Batun takarda da allon waya ko kwamfuta kuwa, kada a yi masa ƙarin gishiri. A 2018 Pablo Delgado na Jami'ar Valencia a Sifaniya da abokan aikinsa sun tattara bincike 54 da suka ƙunshi mutum sama da 170,000. Takarda ta fi allo wajen fahimta, amma da 'yar tazara, kuma tazarar ta fi fitowa a wuri biyu: rubutun bayani irin na darasi, da karatun da aka ƙayyade wa lokaci. A labarin ƙirƙira ba a ga bambanci ba. To kai a kan wuri biyun nan kake tsaye, ga darasi ga jarrabawa. Rakefet Ackerman da Morris Goldsmith sun gano a 2011 cewa mai karatu a allo yakan yi zaton ya gane fiye da yadda ya gane, sai ya rufe da wuri. Sannan akwai batun mazauni. Mai littafi yana tuna cewa bayanin yana shafin hagu, can ƙasa, kusa da jadawali, kuma kaurin takardun da ke hannunsa yana gaya masa nisan da ya yi. Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a Norway da abokanta sun ba mutum 50 labari mai shafi 28, rabi a littafi rabi a Kindle, wata na'urar karanta littattafai. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki, amma da aka ce su jero abubuwan da suka faru bi da bi, masu Kindle sun fi rikicewa. In haka ta faru a na'urar da ake juya wa shafi, ina ga rubutun da ake ja da yatsa, wanda ba ya zama wuri guda balle a tuna inda yake?

Yanzu ga abin yi. Kwana uku na farko ƙirga kawai za ka yi. A Android ka shiga saituna ka nemi Digital Wellbeing, a iPhone ka nemi Screen Time. Awa bakwai ɗin ba ita ta fi damunmu ba, tunda aiki yana ciki. Ka duba sau nawa ka buɗe wayar a yini, sanarwa nawa ta shigo, da manhajoji uku da suka fi cinye lokacin. A ganinmu mai awa huɗu da ya buɗe waya sau 150 ya fi mai awa bakwai da ya buɗe ta sau 40 tarwatsewar hankali, domin yawan yankan ne ke ɓarna.

Rana ta huɗu ka hau kan sanarwa. Ka kashe ta kafofin sada zumunta, ta labarai, ta wasanni da ta manhajojin sayayya, kowane guruf kuma ka kashe ƙararsa. Ka bar kira, da saƙon mutanen da bai kamata su neme ka su rasa ba, waɗanda da wuya su wuce biyar. Kada ka raina ƙarar da ba ka amsa ba: a 2015 a Jami'ar Jihar Florida an sa ɗalibai aiki mai son natsuwa, aka riƙa kiran wasunsu ko aika musu saƙo, kuma ko da ba su taɓa wayar ba, jin shigowarsa kawai ya ƙara musu kuskure. Sai dai toshe komai gaba ɗaya shi ma yana da nasa. A wani gwaji na 2019 da Nicholas Fitz ya jagoranta a kan mutum sama da 200, waɗanda aka tara wa sanarwa ana sako musu sau uku a rana sun fi jin natsuwa, waɗanda aka ɗauke wa gaba ɗaya kuwa fargabar wani abu yana wuce su ce ta ƙaru. Saboda haka ka yanke wa kanka lokaci uku na duba saƙonnin da ba na aiki ba, minti 15 zuwa 20 kowanne, ka kuma sanar da na kusa da kai cewa mai gaggawa ya kira.

Lokacin karatu waya ta bar ɗakin. Kifa ta a kan tebur ba ya wadatarwa, aljihu ma haka, hannun da ya saba ba ya neman shawara. Abin da ake so tazara ce da za ta tilasta maka miƙewa ka yi taku goma, don a cikin takun nan ne hankali yake farkawa ya tambaye ka ina za ka. Ka ɗaga ƙarar kira yadda za ka ji daga nesa. Lokaci kuma ka duba shi a agogon hannu ko na bango. Wanda ya ce a waya zai saita ƙararrawa ya riga ya buɗe ƙofa.

Ka fara da zaman minti 10. Mun san zai yi kama da wasa ga mai jarrabawar digiri na biyu, amma minti 10 da ka cika ba ka motsa ba sun fi awa biyu na tashi da zama. Aƙalla zama uku a rana, wuri guda, kan kujera, littafi a kan tebur. Duk bayan kwana uku ka ƙara minti biyar. Da wannan lissafin cikin mako uku ka kai minti 45, a nan za ka tsaya. In karatun yana da yawa, yawan zama za ka ƙara, ba tsawonsa ba, tun daga makon farko. In wani mataki ya gagare ka kwana biyu a jere, ka sauko na ƙasansa ka sake yi masa kwana uku. Tsakanin zama da zama ka huta minti biyar zuwa goma, ka miƙe, ka zaga, ka leƙa waje. Ban da waya a hutun, domin za ta cika maka hannu da sabon kaya daidai lokacin da za ka koma ɗaukar na littafi.

Ka ajiye farar takarda da biro a gefe. Duk sanda ranka ya ce ɗauko waya, ka ja ɗan layi guda a takardar, ka ja numfashi, ka koma farkon jimlar da kake kai. In wani abu ne ya faɗo maka, ka kira wane, ka tura takardar ofis, ka rubuta shi da kalma biyu ka bar shi nan, hankali yakan saki abin da ya ga an ajiye masa. Kalmar da ba ka sani ba ka ja mata layi da fensir ka wuce, ka nemo ma'anoninsu gaba ɗaya a ƙarshen zama. Ranar farko kana iya samun layi goma sha wani abu a cikin minti goma. Kada su tayar maka da hankali. Marmarin yakan taso, ya tsananta, ya lafa da kansa in ba a biye masa ba, kuma raguwar layukan nan mako-mako ita ce za ta nuna maka ko ana ci gaba.

Sai yadda ake karatun kansa, kuma a nan muka fi so ka ba da ƙarfi. Kafin ka fara babi ka ba shi minti uku zuwa biyar ka zaga shi: kanun sassa, jadawali da zane, sakin layi na farko da na ƙarshe. A nan tsince-tsincen da intanet ya koya maka zai yi maka rana. Ka rubuta tambaya ɗaya ko biyu da kake son babin ya amsa. Sannan ka karanta sashe guda, shafi biyu zuwa huɗu, fensir a hannu. Ka rufe littafin. Ka rubuta jimla uku da kalmominka: me ya ce, da wace hujja, ina ya haɗu da abin da ya gabata. Ka buɗe ka gwada. Karon farko za ka ji kunya, don za ka tarar abin da ka ɗauka ya zauna bai zauna ba. Gara ka ji ta a ɗakinka da ka ji ta a zauren jarrabawa.

Ba da ka muke wannan maganar ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai guntun rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya, a sauran zama ukun suka rufe suna rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaici sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu rufewa su tuno sun riƙe kashi 61. Abin mamaki, masu maimaicin ne suka fi tabbatar wa kansu cewa za su tuna. Shafa wa layuka launi da sake bin shafi sau uku suna sa ka saba da fuskar shafin ne kawai, sai sabon ya yi maka kama da sani. Abin da ka rubuta yau ka sake tuno shi gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, minti biyar kowanne, littafi a rufe. Kuma ka daina auna yininka da yawan shafi. Ka auna shi da sassa nawa kake iya bayyanawa ba ka leƙa ba.

Takardun da ke waya fa? Ka ware masu wuya, waɗanda jarrabawa za ta fi jingina da su, ka buga su a takarda. Sauran ka karanta a kwamfuta in kana da ita, takardar ta cika allon duka, intanet a kashe, ka kuma fitar da WhatsApp daga kwamfutar, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. PDF a waya shi ne mafi wahalar yanayi. An tsara shafin don faffaɗar takarda, sai ka riƙa buɗa shi da yatsa biyu, kana ja dama kana ja hagu, a kowane layi ido ya rasa inda zai sauka, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ma'ana ya ƙare a neman layi. In babu makawa sai wayar, ka sauke takardun tukuna, ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka juya ta a kwance, ka jingina ta da wani abu a kan tebur, kamar santimita 40 daga ido. Ka nemi manhajar karatu mai iya sake jera rubutu daidai faɗin allo, ka zaɓi juya shafi ɗaya-ɗaya maimakon ja sama. Rubutun tunowa kuwa da biro a takarda, ko a ina ka karanta.

Ido ma yana da haƙƙi. Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya zuba wa allo ido ƙiftawar tana iya raguwa da rabi, ido ya bushe, ya yi yaji, rubutu ya fara dishi-dishi, kai kuma ka ɗauka gundura ce. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20.

Karatun darasi a kwance da dare kuwa, shi ka bar shi daga yau, ba ya jiran mataki. A wani gwaji da aka yi a Boston ta Amurka, aka wallafa a 2015, mutum 12 sun yi dare biyar suna karatun awa huɗu a iPad kafin barci, suka yi wasu biyar da littafin takarda. A dararen iPad barci ya jinkirta ɗaukarsu da kamar minti 10, fitowar sinadarin melatonin mai kiran barci ta ja baya da kusan awa ɗaya da rabi, da safe kuma suka fi tashi da kasala. Gwajin mai tsanani ne, awa huɗu da cikakken haske, kuma a ganinmu hasken ba shi ne babban ɓarawo ba. Babban ɓarawon shi ne bari in ɗan duba, wanda ke mayar da ƙarfe 11 ƙarfe ɗaya. A cikin barci ƙwaƙwalwa take daddale abin da aka koya da rana, babba kuma yana bukatar awa bakwai ko fiye. Mai barcin awa biyar zai kasa natsuwa ko da bai taɓa mallakar waya ba. Cajin waya ya koma wajen ɗakin kwana, ka nemi agogon ƙararrawa, ka ɗauki zama mafi wuya ka kai shi safiya kafin ka buɗe saƙon kowa. A gado sai ka koma wa tsohon masoyinka, littafin labari na takarda, mai sauƙi, wanda babu mai tambayarka a kansa, minti 15 zuwa 20. Shi zai dawo maka da daɗin bin dogon zance, abin da littafin darasi ba zai iya ba.

Wata 'yar magana a gefe, game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu taƙaita babi cikin layi goma. Suna miƙo maka ƙarshen tunani, amma ɗaura hujja da hujja, wanda shi ne ke kafa abu a ka, ba kai ka yi ba, ga shi sukan tafka kuskure suna magana kamar sun tabbata. In za ka yi amfani da su, ka karanta tukuna, ka rubuta naka, sannan ka sa su yi maka tambayoyi kamar mai jarrabawa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rantsuwar dare ɗaya: a goge manhajoji duka, a ɗauko littafi mafi kauri, a ce daga gobe awa huɗu. Kwana uku komai ya dawo, da ƙarin jin cewa ni dai ba zan iya ba. A wani bincike da aka wallafa a 2025, Noah Castelo da abokan aikinsa sun nemi mutum 467 su toshe intanet a wayoyinsu mako biyu, kira da saƙon tes suna aiki, kwamfuta ma an bar musu. Gwajin natsuwa ya nuna an sami ci gaba a cikin mako biyun nan, kuma wannan ya isa amsa ga mai cewa ƙwaƙwalwa ta tafi ke nan. Sai dai kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya cika sharaɗin yadda aka so. Shi ya sa ba mu ɗora maka wannan ba. Ka cire manhaja biyu da suka fi cin lokacinka daga wayar har a gama jarrabawa, ka riƙa shigarsu ta kwamfuta a lokutan nan uku. Mayar da allon wayar baƙi da fari, wanda yana cikin saituna, shi ma yana rage mata armashi. Ranar da ka zame kuma ba ta rushe ginin ba. Phillippa Lally da abokanta a Landan sun bi mutum 96 masu koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga tana ɗaukar kwana 18 zuwa 254 kafin ta zama jiki, tsaka-tsaki kwana 66, kuma tsallake rana guda bai yi wani tasiri ba. Washegari ka koma matakin da kake, kada ka ce sai ka rama na jiya.

In ka bi wannan tsari mako huɗu, barci ya daidaita, amma layukan takardarka ba su ragu ba, to a duba wani wurin. Ciwon kai bayan karatu, rubutu yana rabuwa biyu ko yana dushewa, aikin likitan ido ne, wataƙila tabarau kawai kake bukata. In ba littafi kaɗai ya fita ranka ba, har da abubuwan da kake so a da, ga ƙuncin rai ko fargaba da suka wuce mako biyu, ka ga likita ba tare da jiran mako huɗun ba, domin ciwon damuwa yana cin natsuwa sosai. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, da minshari mai ƙarfi tare da gyangyaɗin rana su ma suna kawo haka. Larurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD tun yarinta take nuna alama, kafin shekara 12, kuma likita ne yake tantance ta, ba gajerun bidiyon intanet ba. Kada ka sayi ƙwayar da ake tallatawa da sunan ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ka yi hattara da abin sha mai kafin da yamma, don bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini yana hana barcin da kake nema. In za ka wurin likita, ka tafi da takardar ƙirgarka da lissafin lokacin kwanciyarka da tashinka na mako biyu, za su fi yi masa amfani fiye da ka ce masa kawai ba ka iya natsuwa.